Mai Goge Madubi

Shekara goma sha ɗaya ina goge masa madubin hangen taurari
a bisa dutsen da ke leƙen kwarin Elqui,
inda sanyi ke cizon yatsa har cikin safa.
Baldomero Aracena: gajere, baki kamar aska,
aljihu kullum dam da busasshen ɓaure.

Daren Laraba yakan gangara Vicuña, gidan rediyo,
ya ce wa masu haƙar tagulla da matan gonar inabi:
"Ku fita tsakar gida. Wancan hasken
ya kamo hanya tun ba a dasa itace ko ɗaya a kwarin nan ba,
ku kuwa kuna ciki kuna jin surutuna."
Sai ka ji ƙofofi na buɗewa.

Fada ya yi huɗuba uku a kansa.
Malaman Santiago suka ce ya kasa ilimi a faifai
yana talla kamar tumatir.
Ya ce to, tumatir dai ana ci.

Sai shekarar tauraruwa mai wutsiya.
Ya rantse za a karanta jarida da haskenta.
Aka yi hayar motoci, wani ya sayar da akuya biyu.
Ta zo kamar dattin yatsa a jikin gilashi.
Aka farfasa masa fitilun mota,
bai ba kowa haƙuri ba.
"Sama ba a hannuna take karɓar albashi ba," in ji shi.

Ni ma ina binsa bashi.
Ɗigon nan da ke gusawa a hoto na ɗari huɗu da shida,
ni, Nélida, na gano shi yana kwance yana minshari.
Da mujalla ta fito, sunansa ne kaɗai.
Ban yafe ba. Kada a ce na yafe.

Ranar jana'iza rabin gari ya zo, rabi ya rufe taga.

Amma fitilun titi duk sun sunkuyar da kai yanzu,
shi ya yi ta masifa har aka sa musu hula.
Jiya kuma wata Yasna, 'yar mai tuƙa motar ma'adini,
da ke aiki da babban madubin can arewa,
ta ce a ƙarƙashin bargo ta fara jin muryarsa.
Ta tambaye ni wane irin mutum ne.

Na miƙa mata ɓaure.
Na ce bari gari ya yi duhu tukuna.