Kwana Goma Sha Ɗaya

Saƙon ya shigo ina tsakar ƙirga kwandunan tumatir
a Mil Sha Biyu, ƙafata cikin taɓo:
"Makinki ya gaza da talatin.
In za ki sake, kwana goma sha ɗaya suka rage
kafin mu rufe ƙofa."

Talatin.
Ni da nake rufe littafin Baba kowace magariba,
ko sisi bai taɓa yin ɓatan dabo ba.
Ni da in mota ta kwana a hanya,
kafin direba ya gama rantse-rantse
na san kwando nawa ya ruɓe.
Amma ɗan agogon nan na kusurwar kwamfuta
ya mai da ni 'yar aji ɗaya.

Na je wurin Tasi'u ɗan canji a Agege,
don kuɗin jarrabawar da dala ake biya.
Ya danna, ya danna, ya juyo mini da na'urar,
na ga ribar wata biyu kwance a layi guda.
"Karo na biyu ke nan fa, Zinatu."
Na ce na sani. Ƙirga.

Yanzu ɗanfo ne ajina.
Daga Ketu zuwa Oshodi tambaya bakwai,
in hanya ta cushe, sha biyu.
Ban taɓa roƙon cunkoson Legas ya daɗe ba sai bana.
Kwandasta na ihun canji a kaina,
wata mai buhun garin rogo ta leƙo takardata,
ta faɗi wani abu da Yarbanci,
na ce amin, don ya yi kama da addu'a.

Akwai irin tambayar da ta kayar da ni wancan karon.
Ba amsa suke nema ba.
Su ba ka zance biyu, su ce:
wannan ya wadatar? Ko wancan?
Ko sai an haɗa? Ko duka ba su isa ba?
Ni kuwa an raine ni in bi lissafi har gindinsa,
sai na zauna ina warwara
lokaci na tsiyaya ta ƙasan kwando.

An ɗauke wuta tun isha'i.
Janaretan maƙwabci na tari kamar tsoho.
Inna ta juyo daga katifa:
"Ki kwanta, ba a fafe gora ranar tafiya."
Na ce, Inna, a fafe take,
ɗauraye ta kawai nake yi.
Ta ja tsaki, ta kuma tashi ta dafa mini shayi.

Baba bai ce uffan ba.
Ya dai miƙa wa Sagir littafin kasuwa,
yaron ya ɓata jimla sau biyu a yini ɗaya,
Baba ya gyara da kansa, ya ɓoye mini.
Da safe na tarar da sabon batir a fitilata.

Saura kwana uku.
A bayan rasit na rubuta tawa tambayar:
Ɗaya, Zinatu ta taɓa faɗuwa.
Biyu, Zinatu ta sake biya.
Shin za ta ci?

Na duba ta sama, na duba ta ƙasa, na haɗa su.
Ba su isa ba.
Na zaɓa, ban tsaya jayayya ba,
na wuce ta gaba.

Ƙarfe huɗu saura.
Can bakin titi motar farko daga Arewa
tana ja da baya, yara na bugun gefenta.
Ina da minti biyu ga kowace tambaya.