Ƙafar da Ba Ta Kumbura Ba

Ruwa na tafe daga arewa, in ji rediyo,
kwana huɗu, sai Pantanal ta koma tafki.
Shanu ɗari takwas na jiran a kora su tudu,
ni kuwa da asuba na je turke
na tarar Garoa ta sunkuyar da kai,
ko haniniyar gaisuwa babu.

Ƙafar baya ta zama turmi,
daga agara har kofato babu ƙugu.
Na danna yatsa, rami ya zauna
kamar a ɗanyen yumɓu.
Wuya da ciki duk ruɗu-ruɗu,
aikin bobuwa da rana, aikin sauro da dare.
Ta goge gindin wutsiya a jikin shinge
har gashi ya bar wa itace.

Na ce maciji.
Na faɗa da ƙarfi, don tsoro ya sami suna.

Dona Eulalia ta fito da kofin shayinta,
shekara saba'in da ɗoriya, ido ɗaya ya yi hazo.
Ba ta ko dubi kumburin ba.
Ta ce, "Tiburcio, ja ta mu gani.
Tafi. Dawo. Sake tafiya."
Ni ina kallon turmin da ke baya,
ita tana kallon kai.

"Ka gani? Duk takun hannun dama
sai ta ɗaga kai kamar an tsikare ta.
Kumburi mai surutu ne, yaro.
Ciwo ba ya shela."

Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara,
ta ɗora bayan hannu kan kofatai huɗu, bi da bi.
Uku da sanyin raɓa.
Na huɗun kamar dutsen murhu,
jijiya na bugu a ƙarƙashin yatsa.
Ta kankare taɓo da bakin wuƙa:
ɗigo baƙi, bai kai ƙwayar gero ba.
Ƙaya ta shiga, ƙofa ta rufe a bayanta.

Likita na Corumba, tafiyar yini biyu a jirgin ruwa.
Muryarta ta zo ta rediyo, tana yankewa:
a buɗe kaɗan, mugunya ta fita,
ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma,
a naɗe, kada laka ta koma.
Ta baya kuwa cizo ne da tsayuwa wuri ɗaya,
a kwarara mata ruwan sanyi, a taka da ita a hankali.
In zazzaɓi ya hau ko ta bar ci, a kira ni ko tsakar dare.

Da wuƙa ta taɓa wurin, wari ya tashi,
Garoa ta sauke numfashi a kafaɗata,
dogo, mai ɗumi.

Shanu suka tafi ba ni.
Na ji ƙaho yana nisa, yana nisa,
wani yaro na zaune a gurbina.
Na zauna da tsohon bokitin fenti,
kofato a ciki, hannuna kan gwiwarta
don kada ta kifar.
Da magariba na hura busasshen kashin shanu,
hayaƙi ya kore sauro, ya sa ni hawaye,
na bar shi ya ɗauki laifin.

Rana ta uku agara ta fito fili.
Na shafa, na ji ƙashi, na ji jijiya,
na yi dariya ni kaɗai.

Rana ta huɗu ruwa ya taɓa shinge.
Dona Eulalia ta shiga kwalekwale da kajinta,
ta ce, "Kar ka hau."
Ban hau ba.
Na ɗaure kofaton da yankin tayar mota,
na ɗora sirdi a kaina,
ragama a hannu, muka bi gaɓar da ba ta nutse ba.
Balbelu na tashi a gabanmu.
Ina juyowa duk taku goma,
ba na duban ƙafa,
kanta nake kallo.