Bakin Shamuwa

Hoton bai kai tafin hannu ba.
Gefensa ya ci, kamar ɓera ya ɗanɗana ya bari.
A bayansa, da fensir: Lincolnshire, arba'in da uku.
Jirgi ne tsaye a ciyawa, farfela a karkace,
maza huɗu sun jingina da fiffike,
na biyar ya motsa, fuskarsa ta zama hayaƙi.

Shekara shida muna tada shi a rumfa,
ni da Aldous Pell, da yaran da kan zo ran Asabar.
Injin daga gonar dankali muka tono shi,
wutsiyar a hannun 'yan gwangwan,
ƙusa bayan ƙusa, har yatsu suka yi kanta.
Saura fenti.
A nan zama ya ɓaci.

Hoto baƙi da fari mugun mashaidi ne:
ya ga komai, ba ya faɗin launi.
Kore da ruwan ƙasa duk toka ce a bakinsa.
Pell ya ce koren littafi, lamba kaza, shafi kaza.
Na ce wannan duhun ya fi na littafi.
Kwana uku kowa na shan shayinsa a kusurwarsa.

Ga kuma shamuwa a hancin jirgin,
ƙafa ɗaya a ɗage, baki toka-toka.
"Ja ne," in ji Pell, "shamuwar ƙasarsu jan baki gare ta,
wannan ko yaro ya sani."

Sai aka ce mana akwai Enid Thackray,
gidan tsofaffi, ɗaki na tara, kusa da taga.
Casa'in da ɗaya, yana ta rufe ido guda.
Ta kai hoton har bakin hancinta,
ta daɗe, har shayinta ya huce.

"Kore ya ƙare mana tun Afrilu," ta ce.
"Da fentin tarakta na haɗa, da ɗan baƙi,
a bokitin wanki na dama da sanda.
Ba za ku same shi a littafi ba."
Pell ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Ta ɗora farce kan fuskar nan ta hayaƙi.
"Wacław Drozd. Bai iya tsayawa wuri ɗaya ba.
Shi ya roƙi shamuwa,
wai irinta ke sheƙa a rufin uwarsa a Poland.
Ja babu, tambarin fukafukai ya shanye shi.
Ruwan ɗorawa na sa.
Ya yi dariya har ya riƙe ciki,
ya ce tsuntsuwar ta tsoma baki a man shanu.
Na ce ka yi haƙuri, ja na hanya,
kana dawowa za ka tarar na gyara.

Laraba ya tashi.
Alhamis gwangwanin ya iso."

Ba wanda ya yi magana a mota.
Ruwa na dukan gilashi, gonaki na wucewa,
dankali, dankali, sai hasumiyar coci.

Da safe na tarar Pell ya riga ni.
Ya ajiye littafinsa can saman kanta,
yana dama kore a tsohon bokiti,
yana ɗigawa baƙi kaɗan-kaɗan kamar mai zuba gishiri.
Shi ya zana bakin da kansa.
Hannunsa, da ba ya rawa, ya yi rawa.

Yanzu baƙi na zuwa da kyamarori masu launi,
wani kan ce, "Kun yi kuskure a bakin nan."
Mukan ce haka ne.

Jan da muka saya yana nan bayan ƙofa.
Ƙura ta hau murfinsa.
Ban buɗe ba.