Kilo Nawa Ce?

Bayan tasha, inda bedi ke zubar da 'ya'ya,
nan take kwance, shekara ashirin da ɗoriya.
Ba taya, ba gilashi, ciki ya koma akurki.
Kazar Inno mai ƙosai ta saka ƙwai tara
daidai inda Labbo ke zama riƙe da sitiyari.
Rubutun goshinta ya koɗe, saura rabi:
"Sannu ba ta hana"
sauran kuwa rana ta lashe.

Mu huɗu ke zuwa, Laraba bayan la'asar.
Ba ƙungiya gare mu ba, ba kati,
benci guda ne, shi ma na aro.
Jabbi shi ne kwandastanta,
har yau in ya buɗe baki zai yi hamma
sai ka ce zai kira:
"Runjin Sambo! Gidan Dare! Saura mutum guda!"
alhali ciki ko allura ba ta samun masauki.

Kada in yi ƙarya don ta mutu.
Ta ƙona muna cinya da zafin ƙarfe,
ƙusar kujerarta ta ci mini wando biyu.
Sau nawa munka sauka a hawan Mabera
munka tura ta, mu da munka biya kuɗi,
tana tari kamar tsohon da ya shaƙi taba?
Amma a cikinta na san farashin albasa
tun ban kai kasuwa ba,
na ji wa ya haihu, wa anka kai makwanci,
wa ya ci bashin wa ya sauya hanya.
Wata tsohuwa ta aza mini ƙwaryar nono a cinya
tun daga Ƙofar Kware, ba ta ko tambaye ni ba,
da za ta sauka ta ce, "Allah shi ba ka mai riƙe maka."

Yanzu kabu-kabu ke fizgar mutum shi kaɗai,
ka isa da wuri, ba ka ji komai ba
sai iska da ƙeyar yaro.

Arzika shi nasa ciwon daban ne.
Cikin hularsa akwai tikitin jirgin ƙasa,
ɗan kwali, an huda shi, ya yi launin goro.
Ya hau daga Ƙaura sau ɗaya tak, yana saurayi,
ya dawo yana cewa dogo na nan tafe Sakkwato,
"bana ko baɗi."
Furfura ta riga dogo isowa.
In mun tsokane shi sai ya ce,
"Ku taku ta zo ta mutu.
Tawa ba ta zo ba, balle ta tsufa."

Jiya 'yan gwangwan sunka zo da sikeli da guduma.
Wani yaro mai jan kunne a wuya
ya buga gefenta, ya saurara,
ya ce ƙarfen da ne, yana da nauyi.
Labbo ya tambaye shi, "Kilo nawa ce?"
Yaro ya faɗi.
Labbo ya ce, "Ka rage.
Ba ka sa mutanen da ta ɗauka ba."
Yaro bai gane ba, ya yi dariya don ladabi.

Sun ba mu zuwa Juma'a, saboda kaza.

Jabbi ya kwance ƙararrawa,
Labbo ya cire kan giya, ya sa aljihu,
Arzika bai taɓa komai ba.
Ni madubin gefe na ɗauka, mai tsaga a tsakiya,
na rataye shi a zaure.
Da safe jikata Kulu ta leƙa ta ce,
"Baba, wanga madubi ba ya nuna fuska daidai."
Na ce ba don fuska anka yi shi ba,
na duba abin da ke baya ne.
Ta ce to ai bango ne a baya.