Janar Maɗaci

A Bajoga, bayan tasha, a shagon Baffa Gidaɗo,
in ciniki ya kwanta, keke ya huta,
sai ya yage takardar buhun siminti,
ya ja tsaunuka bakwai da allin tela.
"Ga Tulluwa," in ji shi.
"Kada ku neme ta a taswirar makaranta."

Igiyar awo ita ce kogi.
Fararen maɓallai su ne mutanen Hayi,
shekara sittin suna karɓar harajin inuwa:
gindin tsamiya kwabo uku,
gindin kuka da rani kwabo ɗaya,
wanda ba shi da ko anini ya tsaya a rana.

Sai ya laluba aljihu, ya fito da shi:
baƙin maɓallin tsohon kwat,
ido huɗu, ɗaya ya fashe.
Janar Maɗaci ke nan.

Ba a haife shi ɗan tawaye ba.
Yaron Hayi ne, shi ke riƙe da sandar awon inuwa,
ya iya aikin, har an ƙara masa igiya.
Ran nan ya auna wata tsamiya,
ya ɗaga kai zai faɗi kuɗi,
sai ga tsohuwarsa tana kwance bakin zane,
ba ta ko dube shi ba.
A gwiwa ya karya sandar.
Ƙarar ce, in ji Baffa, ta ta da ƙauye goma sha biyu.

Ba ya kai hari da dare kamar mayaƙan tatsuniya.
Da tsakar rana yake zuwa,
sa'ad da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa,
mutanen Hayi na gyangyaɗi cikin abin da suka hana mu.
Ya ci Dutsen Gauraka da masassaƙa da masu jima.
Ya ci Kasuwar Toka ba a harba kibiya ba,
mata suka ƙi sayar wa barikin ruwa, kwana tara.

A Mashigin Kada ne Baffa ke rage murya.
Mutum arba'in nasa suna hayi, ba su ƙetaro ba,
rundunar maƙiya na bisa dugadugansu.
Ya ce a sare gada.
Baffa kan sa almakashi ya ɗaga igiyar awon,
ya share maɓallai arba'in da gefen hannu,
mu bi su ƙarƙashin benci muna tsintowa.
Na taɓa tambaya, "Ya yi daidai?"
Ya ce, "Tulluwa ta tsira.
Shi kuwa bai ƙara shiga inuwa ba har abada."

Ranar 'yanci aka kafa rumfa.
Waɗanda suka ɓuya a rumbu lokacin yaƙi
suka fito da manyan riguna da dogon jawabi.
Aka ce Janar ya hau kujera.
Yana can bakin fili, rana na dukan ƙeyarsa,
yana kiran sunaye arba'in, ɗaya bayan ɗaya.

Ban ji ƙarshen ba.
Wata Laraba wani direban tirela ya leƙo,
zai kai siminti Yola, wuyan rigarsa a buɗe.
Baffa ya zazzage gwangwani, ba baƙin maɓalli.
Ya sa hannu a aljihu.
Zare huɗu, ƙulli ɗaya, ya ciza ya tsinke.
Naira biyar.

Na yi kuka har da majina.
Ya ce, "Wanda ya ƙwato ƙasa, in ya zauna, shi zai cinye ta.
Bar shi ya je ya riƙe wa wani wuyan riga."

Yau shagon ya koma wurin cajin waya.
Ni kuwa har yanzu, in tirela ta tsaya,
ƙirjin direba nake fara duba.