Ga Ruwa

Shekara goma sha bakwai ina tura kura,
jarka goma sha biyu, daga famfon Mokoyo
har lungunan Bagalam.
Ba randar da ban san zurfinta ba.
Yau ni ake auna wa ruwa.

Cima ta samo gorar lemo,
ta ɗaura mata jan zare a ƙugu.
"Iyakarka ke nan, lokotoro ya faɗa,
har da na koko, har da na haɗiyar magani."
Da azahar, kwano na ƙara don zafi,
nakan jiƙa leɓe, in mai da murfi
a hankali, kamar mai rufe asusu.

Ni dai baya na sani yana ciwo.
Sai in kira yaron nan mai faranti a ka,
ja biyu, fara ɗaya, dala ashirin,
in kora da shayi, in koma turi.
Su kuwa biyun nan, ƴan ƙwaryar wake,
suna can suna tacewa, ba su kai ƙarata ba,
ba su ce uffan ba,
sai ran da takalmi ya ƙi ƙafata.
Na danna ƙauri, yatsa ya bar rami
kamar a tuwon da bai huce ba.
Fitsari ya yi kumfa. Fuska ta cika,
har maƙwabta na cewa na samu daula.

Litinin da Alhamis, awa huɗu,
jinina kan fita yawo cikin tiyo,
na'ura ta wanke shi, ta miƙo mini.
Gadon dama na Mushe Nomau ne.
Ba ma zancen kuɗi, ba ma zancen kushewa,
musu muke kan ruwan da ya fi daɗi.
Shi ya ce na rijiyar garinsu, bayan Tibiri.
Ni na ce na sabuwar randa
da aka binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi.
Makon jiya wani na tarar a gadon.
Ban tambaya ba.

Tukunya biyu Cima ke ɗorawa,
tawa ba gishiri, ba kanwa, ba ɗunƙule.
Da fari na ce wannan ai horo ne.
Yanzu na san ɗanɗanon kuɓewa ita kaɗai.

Lawali ya gaji kura.
Da asuba nakan riƙe hannun rigarsa:
in baya ya yi ciwo, zauna,
kada ka kira mai faranti.
Je a auna jininka ko kana jin ƙarfi.
Kuma sha, ɗana, sha har ka ƙoshi,
kada ka sai da shi duka ka kwana da ƙishi.

Daren jiya hadari ya taso daga gabas,
indararo ya yi ta zuba, Gulbi zai kawo.
Na miƙa tafin hannu ta taga
har ya cika, ya yi sanyi.
Na dube shi.
Na shafa a fuska.