Gabun Bankas

A Kasuwar Kara, ƙarƙashin rumfar Labbo,
inda warin albasa ke riga sallama isowa,
suka kewaye ni:
"Arzika, ka ga dutsen?
Ka ga gidajen da aka liƙa mai, awa ɗakin zanzaro?"

Na tsaya kwance bakin jaka.
Igiyar ta ƙulle, na gode mata.

Kwana shida na yi a hanya.
Illela, Ƙonni, Yamai, Wagadugu,
daga nan sunayen suka fi ƙarfin harshena.
Nairata ta koma sefa, sefar ta rame.
Mota ta sauke mu a Bankas da la'asar sakaliya,
ta juya da sauri
kamar ta bar tukunya a kan wuta.

Gari ne mai jakuna da yawa.
Kusan kowa a bakin tasha hanya yake sayarwa:
mai amalanke, mai babur,
da yaron da ya iya ciniki da harshe huɗu.
Da haɓa suke nuni.
Ga shi can, dogon zane ja,
kamar an ja wuƙa a gindin sama.
Suka ce gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Cikin dare zazzaɓi ya riga ni hawa.

Wata tsohuwa, Yatime, ta ba ni tabarma a zaurenta.
Ba ta jin Hausa,
ni kuma Fulatancina na sayen nono ne.
Da shi muka yi kwana huɗu:
sha, kwanta, ya jiki, da sauƙi.

Ran na biyu mai tallan nono ta leƙo,
ta yi kira, "Kaɗo!"
Na amsa daga kwance.
Tsohuwar ma ta amsa daga madafa.
Muka dubi juna.
Ta yi dariya har ta dafa turmi.
Ashe suna ɗaya ake kiran mu da shi,
ni da na zo kallon baƙin mutane.

Ran na uku na dogara sanda zuwa rumfar dattawansu.
Rufin kara ne, hawa kan hawa,
amma gajera, sai da rarrafe.
Yaron nan mai harsuna ya ce
a nan ake raba gardama,
wanda ya zabura da fushi
ƙeyarsa ce za ta ba shi haƙuri.

Dutsen yana nan inda yake.
Da safe toka-toka, da yamma garwashi.
Na ƙirga kuɗina sau uku, ba su haihu ba.
Na mota kaɗai suka rage.

Yatime na daka albasa, tana dunƙulawa,
tana shanyawa bisa soro.
Uku ta ƙulla mini a tsumma.

Su na ajiye gaban Labbo.
Ya ɗauki ɗaya, ya sunsuna, ya kwashe da dariya:
"Wanga ai gabu na!
Don shi kat tahi har Mali?
Ga ya nan Wurno, buhu-buhu!"
Rumfa ta ɗauka.
Ban musa ba. Gabu ne.

Ba a jima ba Modi da dillalinsa suka sarƙe
a kan buhu biyu da suka ruɓe a hanyar Goronyo.
Wannan ya miƙe, wancan ya miƙe,
hula ta faɗi, ana riƙe riguna.
Ni dai ginshiƙan rumfar nake kallo,
ina auna da ido
inda zarto zai shiga.

Da dare Hajo ta marmasa ɗaya a miya.
Ta ce bai fi namu ba, sai dai ƙanshin hayaƙi.
Yara suka ce in ba su labarin dutse.
Na ce ja ne, yana da tsawo,
kuma daga zauren da na kwanta
in an ɗage asabari
ana ganin rabinsa.

Sauran biyun suna cikin jaka.
Ban ce kada a taɓa ba,
ba wanda ya taɓa.